Miyagun Katun da Na Tara a Gareji

Dala biyu na sayi na farko. Wata Asabar ce, a unguwarmu da ke wajen Columbus a jihar Ohio, irin ranar da Amurkawa ke fito da tarkacen gidansu bakin ƙofa suna gwanjonsa. A ƙasan wani kwali na tsinci ɗan mutum-mutumin roba na Skeletor, mugun katun ɗin He-Man: ƙoƙon kai ruwan ɗorawa, jiki shuɗi, ƙafa ɗaya tana lilo. Ban san darajarsa ba. Na dai tuna muryarsa mai ƙarajin nan da muke kwaikwayo muna yara.

Da na juya bayansa sai na ga tambarin kamfanin kayan wasa na Mattel da sunan Taiwan. Nan bincike ya fara. Ashe a 1982 aka fito da shi kasuwa, katun ɗin He-Man kuwa sai a 1983 kamfanin Filmation ya fara shi. Wato kayan wasan ne suka haifi katun ɗin, mu kuwa muna zaune muna kallon talla ba mu sani ba.

Na yanke shawarar miyagu kawai zan tara. Jaruman kusan duk kamarsu ɗaya, faffaɗan ƙirji da murmushi. A wajen miyagun ne masu zane suka saki jiki: Trap Jaw mai muƙamuƙin ƙarfe da hannun da ake sauya wa makami, Mumm-Ra na ThunderCats da kamfanin LJN ya yi a tsakiyar shekarun 1980, Shredder na Ninja Turtles da kamfanin Playmates ya yi a 1988, sai Megatron na Transformers na 1984 wanda ke naɗewa ya koma ƙaramar bindiga samfurin Walther P38. Shi wannan har yau ban mallake shi ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna.

Abin da ya fara ba ni kashi shi ne makamai. A wannan harka, ɗan abin da yaro ya fi saurin yarwa shi ya fi tsada. Skeletor tsirara ana samunsa ko'ina. Amma a same shi da sulkensa, da ɗamararsa, da rabin takobinsa, da sandar nan mai kan rago, sai an tona. Na taɓa biyan wani mutum a intanet kuɗi masu kauri kan sandar, ya rantse ta asali ce. Da ta iso na ɗora ta kusa da ta wani dattijo da muke haɗuwa a kasuwar 'yan tsofaffin kayan wasa. Launin tawa ya fi haske, robar kuma ta yi ƙyalli kamar jiya aka zuba ta. Dattijon bai ce komai ba, kai kawai ya girgiza. Tun daga ranar ba na sayen makami sai an turo mini hotonsa ta kowane ɓangare a hasken rana, kuma duk mai gaggawar a biya shi, na bar masa kayansa.

Sai Stinkor, wani mugun He-Man na 1985. Da ya iso gidan, uwargida ta toshe hanci ta ce, "Maigida, wannan kuma daga wace bola ka kwaso shi?" Na wanke shi da sabulu har sau uku, wari na nan daram. Daga baya na gano da gangan aka yi: man wani ganye mai ƙarfin ƙamshi da ake kira patchouli aka cuɗa cikin robar tun a masana'anta don ya riƙa wari, kuma masu saye warin suke nema. Allah Ya so ni bai fita ba.

Babbar asarata kuwa zafi ne ya jawo ta. Lokacin da Hajiya ta zo mana ziyara, ta ga jerinsu a falo, ta dube ni ta ce, "Yanzu kai da girmanka gumaka ka jera a ɗakin da ake sallah?" Na soma kawo zancen 'yar tsanar yara, ta ce ai ni ba yaro ba ne. Ban ja ba. Na zuba su a akwati na kai gareji, a tsakiyar bazara. Bayan wata biyu na buɗe: wasu sun yi danƙo suna manne wa yatsa, saboda sinadarin da ke tausasa roba yana tsattsafowa idan ta tsufa ta sha zafi. Robar da ke riƙe ƙafafun mutanen He-Man ta saki, ta cikin ƙugun Cobra Commander, mugun katun ɗin G.I. Joe, kuma ta tsinke, ya rabe biyu. Wannan mai sauƙi ne, ana kwance ɗan sukurun da ke bayansa a sa sabuwa. Na He-Man ɗin ne suka cinye mini dare uku.

Yanzu suna ɗakin ƙasa mai sanyi, kowa a jakarsa, makamansa a wata 'yar jaka daban da sunansa a rubuce. Su talatin da ɗaya ne. Skeletor na dala biyun nan ban gyara masa ƙafa ba, kuma har yau ba shi da sanda.