Richard Neville Mai Naɗa Sarakuna: Kashi na Huɗu

A makon jiya mun tsaya ne a filin daga na Towton, inda a watan Maris na 1461 Richard Neville, mai riƙe da sarautar Warwick, ya tabbatar da ɗan gwaggonsa Edward na Huɗu a kan gadon sarautar Ingila. A lokacin sarkin yana da shekara 18, shi kuwa Warwick yana da 32, kuma har tsawon shekara uku kusan babu wata babbar magana da ake yankewa a ƙasar ba da saninsa ba.

A 1464 Warwick ya duƙufa wajen nema wa sarki aure a Faransa, inda ake maganar Bona ta Savoy, ƙanwar matar Sarki Louis na Goma Sha Ɗaya. Magana ta yi nisa, sai a watan Satumba, a zaman majalisa a garin Reading, Edward ya shaida wa manyan fada cewa ai shi tuni ya yi aure a ɓoye. Matar ita ce Elizabeth Woodville, bazawara mai 'ya'ya biyu, wadda mijinta na fari ya mutu yana yaƙi a ɓangaren gidan Lancaster, wato abokan gabar sarkin.

Mutane da dama suna ɗauka a ranar Warwick ya juya wa sarki baya, amma ni ban yarda da haka ba. Shi da kansa ya shiga cikin masu yi wa amarya rakiya aka gabatar da ita a cocin Reading, kuma da ta haifi 'yar fari a 1466 shi ya tsaya a matsayin uban goyon jaririyar. Abin da ya fi ci masa rai ya zo ne sannu a hankali. Sarauniya tana da 'yan'uwa da yawa, aka bi manyan gidajen ƙasar ana aurar da su, har aka ɗaura wa ƙanenta John, saurayi ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, aure da gwaggon Warwick wadda ta haura sittin, saboda dukiyarta. Shi kuwa Warwick ba shi da ɗa namiji, 'ya'ya mata biyu ke gare shi, Isabel da Anne, ga shi mazan da suka dace da matsayinsu suna ƙarewa a kan idonsa. Da ya nemi a haɗa Isabel da George na Clarence, ƙanen sarki, sai Edward ya ƙi.

Daga nan abubuwa suka yi ta taɓarɓarewa. A 1467 sarki ya karɓe hatimin mulki daga hannun George Neville, ƙanen Warwick, sannan a 1468 ya aurar da ƙanwarsa Margaret ga Charles na Burgundy, babban abokin hamayyar Faransa, wanda hakan ya rushe duk abin da Warwick ya gina.

A watan Yuli na 1469 Warwick ya tsallaka teku zuwa Calais, garin da rundunarsa ke hannunsa, aka ɗaura auren Isabel da Clarence ba da yardar sarki ba. Kafin watan ya ƙare mutanensa sun karya dakarun sarki a Edgcote, aka kama Edward, daga baya aka tsare shi a fadar Middleham. Warwick ya sa aka fille kan mahaifin sarauniya da kuma John ɗin nan da ya auri gwaggonsa, ba tare da wata shari'a ta gaskiya ba, kuma wannan jini ne ya toshe hanyar sulhu tsakaninsa da sarauniya.

Sai dai riƙe sarki daban, mulkin ƙasa daban. Da tawaye ya ɓarke a arewa, manyan ƙasa suka ƙi ba shi mayaƙa muddin sarki yana tsare, dole ya sassauta, kuma a watan Oktoba Edward ya koma Landan cikin rakiyar fadawansa.

A mako mai zuwa za mu bi Warwick zuwa Angers, inda ya durƙusa a gaban Margaret ta Anjou, matar Henry na Shida na gidan Lancaster, sarkin da shi kansa ya tumɓuke.