Kafur ɗin da na zuba a akwatin jariri

Ranar Talata na haihu, a tsakiyar hunturu, kuma kafin la'asar an sallame mu mun koma gida Tudun Wada. Haihuwata ta biyu ce, shi ya sa nake ganin ba abin da zai ba ni mamaki. Ɗakin a rufe ruf saboda sanyi da ƙura, labule a sake, yaro cikin hula da safa da shawul biyu. A irin wannan ɗaki ko ke kanki ba kya ganin launin tafin hannunki, balle na jariri.

Ranar Alhamis da hantsi ƙanwata ta fito da shi bakin ƙofa tana masa wasa, sai na ji ta ce, "Yaya, zo ki ga idon yaron nan." Farin idon ya koma kamar an ɗiga masa ruwan kurkur. Hajiya, uwar maigida, ta duba ta ce shawara ce, duk 'ya'yanta sun yi, a riƙa shanya shi a ranar safe. Maƙwabciya ta kawo gulukos, wata ta yi alkawarin saiwar rawaya. Ba na ganin laifinsu. Kusan shida cikin goma na jariran da suka cika wata tara suna yin shawara a makon farko, akasari kuma ta wuce da kanta, don haka kowace tsohuwa tana da labarin wanda ya warke a gida. Ni ma na so in yarda, ga suna saura kwana biyar, ga cincin ba a soya ba.

Kwana ɗaya da rabi na ɓata. Ranar Juma'a da daddare ya daina kama nono sosai, ya tsotsa sau biyu ya saki ya koma barci. Na danna goshinsa da yatsa a hasken tocila, na danna ƙirji, na danna cinya: ko'ina na ɗaga yatsa sai rawaya. Da asuba maigida ya nemo Keke.

A asibiti nas ta ɗora wata 'yar na'ura a ƙirjinsa, ta kalli lambar, ta kira likita ba tare da ta ce mini komai ba. Aka ɗebi jininsa, aka tambayi rukunin jinina. Likitar ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Jajayen ƙwayoyin jini idan sun mutu suna barin wani sinadari rawaya, bilirubin, hanta ce ke tace shi ya fita ta kashi. Hantar jariri ba ta yi ƙwari ba, sai ya taru. Yana yin muni ga bakwaini, ko in jinin uwa da na ɗa ba su jitu ba, misali uwa O ɗa A ko B, ko in ƙwayar cuta ta shiga ta cibiya, ko in yaro ba ya samun nono isasshe. In ya yi yawa yana haurawa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓɓai, abin da ba ya gyaruwa.

Sai ta ɗauki shawul ɗinsa ta sunsuna. "Maman jariri, kafur kike sa wa kayansa?"

Tun bayan yaye yayarsa na jera kayan jarirai a akwati, na watsa ƙwallayen kafur don kyankyaso. Da haihuwa ta zo na fito da su ban ko wanke ba, ƙamshin ma daɗi yake mini. Ashe akwai wani abu da ake gado, ƙarancin G6PD, wato sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita a ƙasar nan, ya fi kama maza, kuma ta wajen uwa namiji yake ɗaukarsa. Mai shi in ya shaƙi kafur ko ya taɓa fatarsa, jininsa fashewa yake yi. Gwaji ya nuna ɗana yana da shi. Ta haɗa mini da lalle da man zafin nan da muke shafa wa yara a ƙirji lokacin sanyi, ta ce kada a ba shi kowane magani sai an gaya wa likita.

Aka tuɓe shi sai nafkin, aka rufe masa ido da ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Hasken ne ke sauya sinadarin yadda jiki zai iya fitar da shi. Na tambaya ko rana ba za ta yi wannan aikin ba, nas ta ce rana tana ƙona fata ta busar da yaro, ba kuma mai auna ko abin yana sauka. Gulukos kuwa cika masa ciki kawai yake ya hana shi nono, alhali nonon ne ke sa shi kashi. Duk bayan awa biyu zuwa uku nake ciro shi in shayar in mayar. In aka ɗauke wuta sai in ƙura wa fitilar ido har janareta ya tashi. Yaron gadon kusa da mu sai da aka yi masa musayar jini ta cibiya. An kawo shi yana banƙarewa yana wani siririn kuka da har yau nake jinsa.

Kafin a sallame mu likitar ta ce in dawo in rawayar ta wuce mako biyu, ko kashinsa ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu. Ta ƙara da cewa in na sake haihuwa na ga shawara tun ranar farko, kada in kwana a gida.

Muna asibiti aka raɗa suna, ragon ma a hoto na gan shi. Ranar da muka dawo na tarar Hajiya ta juye akwatin nan a tsakar gida, ta wanke komai har sau biyu, ƙananan riguna sun cika igiya.