Ƙaron zuma: inda na kai a tarawa da jiƙawa

'Yan'uwa masu koyon kiwon zuma, a wannan zagaye na bar batun zuma da kaki gefe, na mayar da hankali kan ƙaron da ƙudan zuma ke liƙe kafofin amya da shi, wanda masana ke kira furofolis. Da yawanmu kankare shi muke yi mu yar saboda yana manne murfi yana ɓata hannu. Ni yanzu tara shi nake yi.

Tarko na sa: faifan roba mai siraran tsaguna, a saman akwatin ƙarshe, ƙarƙashin murfi. Zuma ba ta barin kafar da ta gaza kimanin milimita 6, sai ta toshe ta, kuma idan aka ɗan ɗaga murfin da tsinke haske da iska suka shiga, aikin ya fi sauri. Da faifan ya cika sai in naɗe shi in sa a firiza. Ƙaron nan da ɗumi laushi gare shi da danƙo, amma ƙasa da digiri 15 na ma'aunin Selshiyos yana taurare, don haka da an lanƙwasa faifan sai ya zubo gutsi-gutsi. Na fi son wannan a kan kankara daga jikin akwati, domin kankara tana haɗowa da ɓawon katako, gaɓoɓin matattun ƙudaje da fenti, shi kuwa tsohon fenti yana iya ɗauke da dalma.

Abin da ya tsayar da ni shi ne kwalabe biyu. Amyoyina suna wuri biyu, ɗaya cikin itatuwan lambu, ɗaya a bakin kurmi. Na niƙa na kowane wuri daban, na jiƙa kashi 1 cikin kashi 10 na itanol, wato sinadarin alkohol, mai ƙarfin 70 bisa ɗari, ina girgizawa kullum a wuri mai duhu, sannan na tace da takardar tacewa. Ɗaya ya fito ruwan ƙasa mai duhu da ƙamshi mai ƙarfi, ɗayan ja-ja, ya kuma bar tarin kaki a takarda. Irin zuma ɗaya, irin akwati ɗaya, hannu ɗaya. Itatuwan ne suka bambanta.

Littattafai sukan ce rabin ƙaron zuma ƙaron itace ne, kashi 30 kaki, kashi 10 mai mai ƙamshi, kashi 5 garin fure, ragowar tarkace. A riƙe wannan a matsayin ƙiyasi kawai. Rabin nan na farko shi ne komai, kuma ya danganta da itacen da ƙudan ya samu. A Turai, Arewacin Amurka da sassan Asiya masu sanyi, tohon itacen fofla ne tushe, shi ya sa nasu ke cike da sinadaran filabonoyid irin su finosemburin, galangin da kirisin, tare da wani da ake taƙaitawa CAPE. A kudu maso gabashin Brazil, musamman jihar Minas Gerais, zuma tana gutsurar ɗanyen tohon wani tsiro, Baccharis dracunculifolia, sai ƙaron ya fito kore, babban sinadarinsa atefilin C, kuma Japan ce babbar kasuwarsa. A gabar tekun arewa maso gabashin ƙasar, wajen Alagoas, ja ne, daga jan ruwan da ke tsattsafowa daga Dalbergia ecastophyllum, ɗauke da sinadaran fomononetin da bestitol. A Kuba da Benezuwela furannin Clusia ne ke ba da shi. A Okinawa da Taiwan daga bayan 'ya'yan Macaranga tanarius ake kwasowa. A Girka da Malta akwai wanda ya fito daga itacen saifires, kusan babu filabonoyid a cikinsa. A Indonesiya da Myanmar an samu na ƙaron mangwaro. Farfesa Vassya Bankova ta Cibiyar Kimiyya ta Bulgeriya ta shafe shekaru tana rarraba waɗannan bisa itacen da suka fito, tana kuma nanata cewa duk binciken da bai faɗi wane iri aka gwada ba, ba a iya kwatanta shi da wani.

Ga abin da ya fi burge ni. A wani bincike na 1999 da ita da abokan aikinta suka yi, sun gwada samfura daga ƙasashe daban-daban, sinadaransu ba su yi kama ba, amma duk sun nuna ƙarfi a kan ƙwayar cutar Staphylococcus aureus. Dalilin a fili yake in aka duba daga ɓangaren itace: ƙaro garkuwarsa ce, da shi yake kare toho da rauni daga ƙwayoyin cuta da funfuna. Ƙudan zuma aron garkuwar yake yi, ko daga wane itace. Sai dai ƙarfin ba ɗaya ba ne a kan kowace ƙwaya. Irin su E. coli, masu ƙarin fata a waje, sun fi jure masa sosai.

Saboda haka ina roƙonku, kada mu ɗauki abin da aka rubuta kan koren Brazil mu liƙa wa kwalbarmu. Idan babu Baccharis inda amyarka take, babu dalilin zaton akwai atefilin C a cikin naka. Kuma yawancin sakamakon da ake yaɗawa, kan ƙwayoyin cutar daji ko kumburi, a faifan ɗakin gwaji ko jikin ɓeraye aka same su. Tsakanin wannan da jikin mutum akwai tafiya mai nisa, kuma bai kamata mai kiwo ya ce wa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti ba. Yana kuma da illarsa: irin na fofla sananne ne wajen tayar da ƙaiƙayi da kurajen fata, masu kiwon da ke taɓa shi kullum su ne kan gaba wajen kamuwa. Safar hannu nake sawa in zan niƙa.

Yanzu kowace kwalba tana da takarda a jikinta: wurin amya, watan da aka cire tarko, itatuwan da ke toho a lokacin, launi, ƙamshi, da nauyin abin da ya rage a takardar tacewa. Na ƙarshen nan shi ne awon da kowa zai iya yi da ƙaramin sikeli, yana nuna yawan kaki da datti. Nakan kuma tsaya bakin amya da rana tsaka, lokacin da ƙaro ya yi laushi, in duba masu dawowa da dunƙule mai sheƙi a ƙafafun baya. Na garin fure ba ya sheƙi haka. Launin dunƙulen yakan taimaka wajen gano itacen.

Abu na gaba shi ne barin wani kaso ga masu shi. Aikin Marla Spivak da ɗalibanta a Jami'ar Minnesota, tun daga 2009, ya nuna cewa amyar da cikinta ke shafe da ƙaro tana da ƙarancin ƙwayoyin cuta, kuma garkuwar jikin ƙudajen ba ta wahala kamar ta waɗanda ke cikin akwati mai santsi. Sun kuma ga cewa gidan da funfunar da ke busar da tsutsotsin ƙudan zuma ta kama yakan ƙara yawan masu ɗebo ƙaro. Don haka sababbin akwatunan da zan haɗa ba zan goge cikinsu ba, zan bar katakon da kaushinsa don su shafe shi da kansu, tarko kuma sai a kan gidajen da suka yi ƙarfi kaɗai.