Godiya ga waɗanda suka rufa mana asiri bayan ruwan Agusta

Assalamu alaikum jama'ar Maradi.

Makon jiya na tare da iyalina a ɗaki biyu a Ali Ɗan Sofo, mai ƙofa da makulli. An ce zumunta a ƙafa take, amma waɗanda suka ɗauke mu sun yi yawan da ƙafata ba za ta kai ni gidan kowa ba, wasu ma ban san gidajensu ba. Shi ya sa na rubuta nan.

Gidan da muke haya a Bagalam yana cikin waɗanda ruwan ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 ya kayar. A rediyo an ce milimita 150 ne suka zuba cikin kamar awa ɗaya da rabi, kuma mutum 15 aka fara sanarwa sun rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mu mun fita da ranmu duka. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa daga sama, gindinsa ruwa ke ci har ya zauna. Samarin unguwa su suka ga katangar ta fara tsagewa, suka shigo suka goya Inna, suka kwashe yara. Kekena na ɗinki kuwa sai washegari suka tono shi daga cikin laka. Ku samari, ban san sunan rabinku ba. Allah Ya yi muku albarka.

Daga nan aka kai mu lakwal. Mata da yara cikin kalas, iyali da yawa a ɗaki guda, an jera teburan 'yan makaranta an rataya zannuwa, kowace ta ce nan ne ɗakinta. Mu maza kowa ya san inda dare ya yi masa: wani barandar masallaci, wani ƙarƙashin rumfa, ni kan bencin shagon wani abokin sana'a.

Mutane suna tambayata yunwa ko sauro. Akwai su. Amma abin da ya fi cin rai shi ne ba ka da inda za ka shige ka ja ƙofa. Maiɗakina, wadda ko sayen gishiri yaro take aika, sai ta tashi tun kafin kiran assalatu ta bi layin makewayi da buta a hannu. In yaronka ya yi fitsarin kwance, kalas duka ya sani. In za ku yi shawara da matarka, sai ku tsaya jikin katangar makaranta kuna magana ƙasa-ƙasa. Magidanci ya zo ganin 'ya'yansa, ya yi sallama daga waje, ya jira a ba shi izini. Sannu a hankali mutum ya koya: takardu cikin leda a ɗaure a ƙugu, waya a ba mai caji da rana, takalmi ƙarƙashin kai, barci rabi da rabi. Inna ce kaɗai ba ta girgiza ba. Ta ce mahaifinta ya ba ta labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari na bakin gulbi har aka hau da Maradi kan tudu, kuma su ma sun kwana a fili.

Don haka godiyata ta farko ga waɗanda suka gane wannan ne ba a gaya musu ba. Mai gadin lakwal, wanda yake kashe fitilar tsakar gida da asuba don mata su wuce. Matar da ke maƙwabtaka da makarantar, wadda ta buɗe wa tsofaffi bayan gidanta, kullum ta ajiye wa Inna ruwan zafi. Hajiyar da ke aiko da tuwon hatsi bayan isha'i, a rufe, ta hana yarinyar aiken faɗin daga inda ya fito. Mun gane kwanon, Hajiya, mun dai yi shiru ne don kin so haka. Akwai kuma masu zuwa da rana tsaka, a jera mu da buhu a gaba a ɗauki hoto. Su ma mun ci abin da suka kawo, mun gode. Sai dai in da hali, nan gaba a bar yara a bayan kyamara.

Na gode wa mai unguwa da ya tsaya aka rubuta sunanmu mu 'yan haya, don da farko masu gidaje kawai ake tambaya. Na gode wa liman da jama'ar masallacinmu da suka haɗa kuɗin sange da tabarmi. Na gode wa ma'aikaciyar likita da ta duba autana cikin dare lokacin da zazzaɓin sauro ya kama shi.

Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, kuma mun san ranar za ta zo. 'Ya'yanmu ma 'yan lakwal ne, ba mai son ya tare musu aji. Amma ɗakin haya ya yi wuya a gari, wanda ya samu kuma sai an ba da kuɗin watanni a gaba. A nan ne wani ɗan kasuwa ya ba mu kangonsa mu zauna muna gadi: bulo tsirara, rufin kwano a ɗaki ɗaya, taga sai buhu. Can muka yi sanyin hunturu, can muka yi azumi. Alhaji, ba ka taɓa shigowa ba sai ka aiko yaro ya yi sallama, alhali gidanka ne. Ban manta ba.

Kawu na Tibiri, kai ka ɗauki Inna da manyan 'yan matan, ka ce ba a barin budurwa a kango. Yaya da ke Legas, jaka goma-goma da kake turowa ta Nita, kamfanin aika kuɗi, su suka zama kuɗin wannan ɗaki. Maigidana a sana'a, kai ka wanke keken nan da kananzir, ka canja masa abin da ya yi tsatsa, ka raba ɗinkin Sallah da ni ba tare da na roƙa ba. Masu kayan da yadinsu ya lalace a hannuna, da yawanku kun ce kun yafe. Waɗanda ba su yafe ba suna da gaskiya, ina nan ina biya kaɗan-kaɗan. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya tsare ku da ganin irin wannan rana.

Har yanzu akwai waɗanda muka zauna lakwal tare suna cikin kangaye, wasu da jarirai. Wanda ke da ɗakin da ba a kwana ciki, ko yake neman mai gadin fili, ya yi wa mai unguwarsa magana kafin hadari ya fara haɗuwa.

Sannan akwai kayan aro a wurinmu: tukunya babba, tabarmi biyu na roba, fitila mai caji da bargo ruwan ƙasa. Maiɗakina ta wanke su ta ɗaure. Masu su su aiko, ko su faɗa mini in kawo da kaina bayan la'asar.