Agogo ya ce na gaji, kamar ban sani ba

Duk wanda ya kai ajin shiga asibiti a karatun likita ya san wata irin gajiya da barci ba ya kawar da ita. Ka tsaya a gefen majinyaci da safe, maimakon ka ga tsohuwa mai jikoki, sai ka ga "gado na shida". Christina Maslach, malamar nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, ta fitar da ma'aunin wannan hali tun 1981, ta kasa shi uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, bushewar tausayi, da jin cewa aikinka ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba cuta ba ce, matsin aiki ne da ya daɗe ba a magance shi ba.

Yayana ne ya aiko mini da agogon Fitbit, agogon hannu mai auna barci da bugun zuciya. "Ke dai ki ɗaura, ƙanwata," in ji shi, "mu ga ko kina runtsawa." In ka juya bayansa za ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Shi ke ratsa fata, jini ya shanye wani ɓangare, agogon kuma ya ƙirga bugun zuciya da abin da ya dawo. Abin da ya fi burge ni shi ne tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Zuciyar da ta huta ba ta bugawa daidai wa daida, tazarar tana ɗan sauyawa. In jiki ya takura sai sauyin ya ragu. Mun karanta wannan a aji biyu don jarabawa kawai, yanzu ga shi a tsintsiyar hannuna.

Masu bincike sun riga mu nisa. A Jami'ar Mishigan, Farfesa Srijan Sen da abokan aikinsa sun bi likitoci 'yan shekarar farko fiye da 2,000 masu ɗaure da irin wannan agogo. Sakamakon da suka fitar a 2021 ya nuna ba ƙarancin barci kaɗai ke tafe da ƙuncin rai ba, har da rashin tsayayyen lokaci: yau ka kwanta ƙarfe goma, gobe ƙarfe uku na dare. Su likitoci ne, mu ɗalibai, amma da na duba nawa jadawalin barcin na makon da muka yi kwanan ɗakin haihuwa, sai na ga an zana ni.

To amma agogo bai san dalili ba. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya fara taso mini, bugun zuciyata ya hau, shi kuma ya ba ni shawarar in zauna in ja numfashi a hankali. In na tashi Asuba na koma, sai ya rage mini makin barci. Da azumi kuwa, ga sahur ga tahajjud, sai ya ɗauka duniya ta tashi. Kofin Nescafe, hawan bene da gudu don kada babban likita ya riga ka shiga ɗakin majinyata, fargabar tambayar da zai jefo maka a gaban jama'a, duk a wurinsa abu ɗaya ne. Balle bushewar tausayi, wadda ita ta fi tsorata ni. Babu hasken da zai gano ta.

Ina jin ana cewa makarantu su riƙa tattara waɗannan bayanai don su gano ɗalibin da ke neman durƙushewa. Niyya mai kyau ce, amma wa zai gani? Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA ta buga a 2016 ya gano kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da alamun ciwon damuwa, kuma a cikinsu kusan kashi 16 kacal suka nemi magani. Ba rashin na'ura ya hana sauran ba. Tsoron a ce maka rago ne, ko labari ya isa kunnen wanda zai yi maka jarabawar baka. Ni dai ba zan miƙa barcina ga ofishin da ke riƙe da sakamakona ba, sai in an cire sunana.

Na taɓa nuna wa wani babbanmu jadawalin. Ya yi dariya ya ce, "Likita, mu a zamaninmu kwana biyu muke yi a tsaye." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," na mayar da waya aljihun farar riga.

Mu da ke da agogon a ajinmu mun haɗa namu ba suna, kuma wuri ɗaya ya fito fili: laccar ƙarfe takwas da ke biyo bayan kwanan asibiti. Mun ba wakilin aji ya kai, muna roƙon a mayar da ita bayan Azahar ga rukunin da ya kwana. An ce za a duba a zaman malamai na gaba.