Yadda na yi wa Nebamun gyaran kafaɗa

Lokacin da nake koyon zane, na zaɓi in kwafi wani zanen bangon kabari da ke ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Zanen Nebamun ne, wani magatakarda na Masar da ya rayu wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana tsaye cikin kwalekwale yana farautar tsuntsaye a fadama, 'yarsa kuma tana zaune tsakanin ƙafafunsa.

Da na gama, sai na tarar na juya masa kafaɗa ta bi fuskarsa, na rage tsayinsa don ya yi daidai da matarsa da ke cikin zanen, har na sa masa inuwa a wuya. Ban yi niyyar gyara ba. Hannuna ne ya bi abin da aka koya masa a aji, wato ƙa'idar Turawa ta zana abu yadda ido ke hango shi daga wuri guda. Shi kuwa Bamisire yana zana abin da ya sani ne game da jiki: fuska da ƙafafu ta gefe, ido da kafaɗu ta gaba, babban mutum kuma a zana shi babba saboda matsayinsa.

Daga baya na gane cewa kuskuren ya girme ni. Tun a 1764 masanin Jamus Winckelmann ya ɗauki fasahar Masar a matsayin sandararriya idan aka gwada ta da ta Girka, kuma masu zanen da suka bi Napoleon zuwa Masar a 1798 sun yi ta sassauta gaɓoɓin mutanen bango har suka ɗauko kamannin gumakan Girka. Rubutun jikin bangon ma sun kwafe shi ba tare da sanin ma'anarsa ba, domin sai a 1822 masanin Faransa Champollion ya fara warware shi.

Wadda ta fi burge ni ita ce Nina de Garis Davies, wadda ta shafe shekaru tun daga 1907 tana kwafar zanen kaburburan yammacin birnin Luxor na Masar layi bayan layi, har inda fenti ya ɓare takan bar shi a ɓare.

A gwaji na biyu na shata layukan awo irin na Misirawa, gida 18 daga tafin ƙafa zuwa goshi, na bar kafaɗar inda mai ita ya ajiye ta. Sau uku ina goge inuwar wuyan kafin hannuna ya haƙura.