Ranar da 3NT ta kunyata mu, 6♣ na zaune a tebur

Ni dai a da, a wasan karta na bridge, in abokin wasana ya buɗe da 1NT (NT na nufin babu tiram, launin da ke yanke sauran), wato maki 15 zuwa 17 na manyan katuna, ni kuma na duba hannuna ban ga hat (♥) ko sifed (♠) masu tsawo ba, to magana ta ƙare, 3NT kawai, alkawarin ci tara cikin 13, nake dannawa in miƙe ƙafa. Haka aka koya mana ai, wai kulob (♣) da daimon (♦) 'yan bora ne, ci ɗaya maki 20 ne kacal, alhali hat da sifed 30 ne, NT kuma na farko ma 40. Kuma wai sai kun haɗa maki 33 kafin ka fara mafarkin silam, wato alkawarin ci 12 cikin 13. Shekaru ina kan wannan ban taɓa tambayar kaina komai ba.

Sai wani dare muna wasan ƙungiya-ƙungiya a intanet, lissafin IMP, wanda ake yi da bambancin makin tebur biyu da suka buga hannu ɗaya, aka raba min wannan: ♠7 ♥K84 ♦A52 ♣KQ10863. Maki 12. Abokina ya ce 1NT, na haɗa lissafi a kai na ga ko ya cika 17 ba mu wuce 29 ba, ina 33? Na ce 3NT. Mutumin da ke da fitar farko ya ajiye sifed, na shimfiɗa katina, wallahi muna ji muna gani suka kwashe sifed biyar a jere kafin mu taɓa komai. Hannun abokina ashe ♠964 ♥AQ5 ♦KQ73 ♣AJ4 ne. Ku ƙirga da kanku, kulob shida, hat uku, daimon uku, ci 12 kenan cif, sifed ɗaya tak za a ba su sai a yanke na biyu da tiram. A ɗaya teburin sun je 6♣ sun rubuta 920, mu mun rubuta asarar 50, IMP 14 suka tafi a hannu ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai ba silam ɗin da muka rasa ba ne, a'a, wai wasan da na ɗauka shi ne tudun mun tsira shi ne ma ya faɗi.

Bayan wasa abokina ya rubuto min, malam da ka faɗa min sifed ɗaya gare ka ai da ban yarda mun tsaya can ba. Na ce to da wane baki zan faɗa maka? Gaskiya ba mu da hanya. Stayman muke yi da 2♣ don tambayar hat ko sifed huɗu, sai tiransifa irin ta Jacoby da ke sa abokinka ya faɗi launinka, 2♦ zuwa hat 2♥ zuwa sifed, shikenan, 2♠ da 2NT kusan zaman banza suke a takardarmu.

Nan muka zauna muka gyara. 2♠ ta zama kulob shida ko fiye, 2NT ta zama daimon. Mai 1NT in yana son launin, misali yana da babban kati da 'yan rakiya biyu, sai ya faɗi tayin da ke tsakiya, in bai so ya karɓi tiransifar kawai. Wasu suna yin akasin haka fa, don haka kar ka zauna da sabon abokin wasa ka ɗauka kun fahimci juna, mu ma sai da muka yi karo sau ɗaya a kan wannan. Amma zuciyar abin tana tayi na gaba, in na sake faɗin wani sabon launi a mataki na uku, ba cewa nake ina da shi ba, cewa nake nan ne nake da kati tilo ko babu sam. Da wancan hannun zai tafi 1NT, 2♠, 2NT, sai in ce 3♠. Shi kuma ya kalli 964 ɗinsa ya ga ko maki ɗaya bai zuba a sifed ba, duk 16 ɗinsa suna inda nake buƙata, kamar an cire maki 10 na sifed daga karta gaba ɗaya an bar 30 muna riƙe da 28 a ciki. Daga nan hanya a buɗe take.

Kuma abin yana aiki ta ɗaya gefen, wanda ni na fi jin daɗinsa ma. Wata rana na nuna tilon sifed da hannu mai kama da wancan, abokina yana riƙe da KQJ4 a sifed, maki 6 da ba za su tsinana min komai a 6♣ ba, ya ce 3NT. Raina ya so in ci gaba, yatsana har yana kan 4♣, amma dai na haƙura na wuce. Daidai ne, as biyu ne a waje.

Inda muka sha wuya na biyu shi ne tambayar as. Blackwood, wato tambayar as da 4NT, tun 1933 ake yinta kuma da hat ko sifed lafiya lau take, amma da kulob tarko ce. Muna yin 1430, inda ake ƙirga makullai biyar, as huɗu da K na tiram, wato 5♣ ɗaya ko huɗu, 5♦ sifili ko uku, 5♥ biyu ba sarauniyar tiram, 5♠ biyu da sarauniya. Na tashi da makulli ɗaya a hannuna, zumuɗi ya kwashe ni na ce 4NT, ya amsa 5♥. To fa. Makulli biyu babu, kuma mun riga mun tsallake 5♣, ba gaba ba baya, dole na ce 6♣ suka ɗauki as ɗinsu biyu suna murmushi, ko ban ga fuskarsu ba na san sun yi. Tun daga ranar in mun amince da kulob kuma an riga an tilasta zuwa gem (irin su 3NT ko 5♣), 4♣ ce tambayar, ita ake ce wa Minorwood, amsoshin 4♦, 4♥, 4♠, 4NT, duk a ƙasa da 5♣. Daimon kuma 4♦. Akwai masu Kickback ta Jeff Rubens, launin da ke saman tiram shi ne tambaya, ta fi tsari a takarda amma mu mun gwada mun bari, don 4♥ ɗin da ke nufin daimon ta taɓa sa abokina ya yi shiru minti guda yana tunanin ko hat nake nufi. Sannan 4♣ kai tsaye bayan 1NT har yanzu Gerber ce a wajenmu, wato tambayar as, 4NT kai tsaye kuma gayyata ce zuwa 6NT ba tambaya ba, waɗannan sai da muka rubuta su baƙi da fari.

Lissafin kuma ya danganta da irin gasar. A IMP in ba a ja muke ba (ja shi ne lokacin da lada da tara duk suka fi yawa), 920 na 6♣ a kan 490 na 3NT ribar 10 ce, in silam ta faɗi asarar 11, a ja kuma 1370 a kan 690 ribar 12, kenan in damar ta kai rabi ko ta ɗan haura ina shiga. A wasan da ake gwada ka da kowane tebur kuwa 5♣ ita ce mafi muni, 400 za ka samu alhali kowa na 3NT yana da 430 ko 460, shi ya sa muka yarda in na tambaya da 4♣ amsa ba ta yi min ba, 4NT daga bakina tana nufin mu tsaya nan a buga. Wani lokacin ma 6♣ ɗin 920 sai ka ga masu 6NT sun wuce ka da 990, wannan kam na daina damuwa da shi, mafi yawan teburan suna 3NT ne dama.

Abin da har yanzu ba mu warware ba shi ne hannu mai kulob huɗu da daimon huɗu da maki 15 ko 16, inda haɗuwar huɗu da huɗu kan ba da ci na 12 ta hanyar yanka wanda 6NT ba ta da shi. Masu Stayman ta ƙananan launi da 2♠ suke nemo ta, mu kuma mun riga mun ba wa kulob 2♠ ɗin. Abokina yana so mu cusa ta cikin 3♣, ni na ce ya bari mu yi wata biyu ba mu manta waɗanda muke da su ba tukuna, don ko makon jiya sai da ya wuce a kan 2NT ɗina ina riƙe da daimon bakwai.